Bashi Ya Ɓata Maka Suna a Banki? Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Gyarawa

Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne bashin banki ya daina zama sirri tsakaninka da manaja. Wanda ya ci rance a wani reshen banki da ke titin Ahmadu Bello a Kaduna ya kasa biya, in ya tsallaka titin Yakubu Gowon neman wani, kafin ya gama zama a kujera sun riga sun gani a kwamfuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi fitowa daga bakin 'yan kasuwa, ma'aikata da manoma a Kaduna da kewaye.

An ce an saka BVN ɗina a baƙin littafi. Da gaske akwai irin wannan littafin?

Babu wani littafi guda da ake rubuta sunayen maciya bashi a rufe. Abin da ke akwai shi ne kamfanoni uku masu tattara tarihin bashi, waɗanda Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ba lasisi: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Manyan bankuna, ƙananan bankuna da yawancin manhajojin ba da rance masu rajista suna aika musu bayani, galibi wata-wata: wa ya karɓa, nawa, yaushe, nawa ya rage, kwana nawa ya yi bai biya ba. CBN ma yana da tasa ma'ajiyar da ake kira CRMS, wadda bankuna ke dubawa. Lambar BVN ita ce zaren da ke ɗinke duka.

Saboda haka idan ma'aikacin banki ya ce "sunanka na da matsala", abin da yake nufi shi ne ya ga layi ɗaya ko biyu a rahotonka da ke nuna bashin da ba a biya ba. Layin nan ana iya gyara shi. Akwai dai wani jerin daban da CBN ke saka BVN ɗin waɗanda aka tabbatar sun yi zamba, amma wannan ba na masu bashi ba ne, kada a haɗa su.

Ta yaya zan ga abin da aka rubuta a kaina?

Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. Ana nema a shafin intanet na kamfanin, da BVN, lambar waya da katin shaida. In ka manta BVN ɗinka, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi.

Nemi na kamfanonin uku, ba ɗaya ba. Wani mai ba da rance yana aika bayani ga biyu ne kawai, wani ga ɗaya, kuma ƙa'idar CBN ita ce banki ya duba aƙalla kamfanoni biyu kafin ya ba da rance. Sau da yawa mutum yakan ciro rahoto ɗaya ya ga fes, ya tafi banki da ƙarfin gwiwa, ashe dattin yana cikin ɗayan.

Rahoto daban, maki daban. Makin lamba ce guda da ke taƙaita halinka, na CRC yana tafiya daga 300 zuwa 850, yawansa shi ne kyansa. Amma mai son gyara ba maki zai zura wa ido ba, rahoton zai karanta layi-layi. A kowane bashi duba abu biyar: sunan wanda ya bayar, ranar da aka buɗe, abin da ya rage, adadin kwanakin da aka makara, da ranar ƙarshe da aka sabunta bayanin. Wannan ta ƙarshen mutane ke tsallakewa, alhali ita ke nuna maka ko banki ya daina aika labarinka tun shekara biyu da suka wuce.

Kwana nawa ne ke mayar da bashi "mara lafiya"?

A manyan bankuna, idan aka wuce kwana 90 ba a biya ba, bashin ya fita daga sahun masu lafiya. Daga kwana 180 ya shiga sahun waɗanda ake shakkar dawowarsu, daga kwana 360 kuma a lissafa shi a matsayin wanda ya ɓace. Ƙananan bankuna ma'auninsu ya fi haka tsauri, domin rancensu gajere ne. Makarar da ba ta kai kwana 90 ba ita ma tana fitowa a rahoto, tana kuma rage maki, sai dai ba ta kai zafin sauran ba. Wanda yake kan kwana 70 yau, ya fi masa alheri ya nemo abin da zai biya ko da rabi ne ya je a yi magana, da ya bari ya haura 90.

Na biya tun bara, amma har yanzu rahoto na nuna ana bi na. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma dalilanta ba su wuce huɗu ko biyar ba.

Mafi yawa, saura ne ɗan ƙarami. An ce maka ana bin ka naira 85,000 ranar Litinin, ka kawo ranar Juma'a, ruwan kwana huɗu ya hau, sai naira 600 ta rage. Kai ka tafi gida da murna, kwamfuta kuwa ba ta san "ai ya biya kusan duka" ba. Wannan 600 za ta yi ta ƙirga kwanaki har ta haura 360, a rubuta ta a matsayin bashin da ya ɓace, daidai da wanda ya gudu da miliyan.

Wani lokacin kuɗin ka zuba a asusunka na yau da kullum, ba a asusun rancen ba, kuɗin alat da na kati da na kula da asusu suka ɗan ci wani abu kafin a cira, sai ya gaza. Wani ya miƙa wa jami'in da ke zagayawa kasuwa karɓar kuɗi hannu da hannu ba rasit, kuɗin bai isa ba. Wani kuma ya biya tsaf, bankin ne bai aika sabon bayani ba, ko ya aika wa kamfani ɗaya ya bar sauran.

Maganin duka ɗaya ne, kuma na takarda ne, ba na baki ba. Je reshen da ka karɓi rancen, nemi takardar bayanin asusun rancen daga farko har ƙarshe, ka ga sifili da idonka. In akwai saura, tambayi adadin da za a biya a rufe a ranar, ka biya a ranar. Sannan ka rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe kana neman abu biyu: takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, da sabunta bayaninka a kamfanonin uku da kuma CRMS. Saka cikakken suna, BVN, lambar asusu da lambar waya. Yi kwafi biyu. Miƙa ɗaya a teburin kula da abokan hulɗa, ɗayan kuma ka tsaya a buga masa hatimin karɓa mai kwanan wata, a sa hannu, ka ninke ka sa a aljihu. Idan aka ce "bar shi kawai, Alhaji, za mu duba", ka yi murmushi ka ce a dai buga. Wannan hatimin shi ne abin da za ka nuna a gaba in magana ta yi nisa.

Da yake wata-wata ake aika bayani, ba shi kwana 30 zuwa 45, sannan ka sake ciro rahoto. In bai canza ba, aika wa kamfanin tattara bayanan kwafin takardar shaidarka kai tsaye, su tuntuɓi bankin. Su da kansu ba sa canza komai sai wanda ya aiko bayanin ya tabbatar.

Basussuka sun yi min yawa. Wanne zan fara biya?

Fara da rubuta su duka a takarda ɗaya, har da wanda kake jin kunyar tunawa. Sannan ka yanke abin da za ka iya fitarwa duk wata ba tare da gida ya kwana da yunwa ba. Bankuna kan yi lissafi da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa, kuma ma'auni ne mai kyau.

A ce ma'aikaci ne mai ɗaukar naira 72,000, kashi ɗaya cikin uku ya kama 24,000. A ce ana bin sa 6,400 saurar wani tsohon rance a babban banki, wata manhaja da ya karɓi 20,000 tana neman 31,000, ƙaramin banki kuma yana bin sa 150,000 da makarar kwana 70. A watan farko ya kashe 6,400 ɗin nan, domin da kuɗi kaɗan zai rufe layin da ya fi muni a rahotonsa. A watan dai ya je ƙaramin bankin da wasiƙa, ya nemi a mayar da biyansa 15,000 a wata kafin bashin ya ƙara lalacewa. Abin da ya rage, 2,600, ya tura wa manhajar tare da neman su tsayar da tara su amince da 25,000. In sun yarda, da 9,000 a wata zai gama da su a wata na huɗu. Daga na biyar sai 24,000 ɗin gaba ɗaya ta koma kan ƙaramin banki, inda saura wajen 90,000, wata huɗu ke nan. Cikin wata takwas zuwa tara ya fita, in ban da ɗan ruwan da zai hau.

Abin da ke rusa irin wannan tsari kusan kullum abu ɗaya ne: cin sabon bashi a wata manhaja don a biya tsohuwa. Ruwan manhajoji na wata ne ko na mako, ba na shekara ba. Wanda ya fara wannan juyi da manhaja biyu, kafin Sallah ta zagayo yana da bakwai.

Ana iya roƙon banki ya rage?

Ana yi, kuma ana samu, musamman a kan tara da ruwan da ya taru bayan makara. Uwar kuɗi ce ba a cika yafewa ba. Bashin da ya daɗe ya fi saurin samun rangwame, saboda bankin ya riga ya ware kuɗi ya rufe gurbinsa a lissafinsa, duk abin da ya dawo riba ce a wurinsa.

Rubuta dalilinka a taƙaice, da hujja in akwai: takardar sallama daga aiki, takardar asibiti, shaidar gobara ko rushewar shago, ko asarar gona irin wadda manoman citta na Kachiya da kewaye suka yi a 2023 da cuta ta cinye amfanin. Faɗi adadin da za ka iya biya da ranar da za ka biya. Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don a ji daɗinka, karya yarjejeniya ta biyu ya fi karya ta farko illa.

Kada ka biya ko kwabo a kan rangwame sai an ba ka shi a rubuce, a takarda mai tambarin banki, da ke cewa wannan adadin shi ne biya na ƙarshe. Jami'in da ke kiranka a waya yawanci ba shi da ikon yafe komai, amincewa daga sama take zuwa. Kuma kuɗin asusun banki za su shiga, ba asusun wani ma'aikaci ba, komai kirkinsa. Ka sani kuma rahoto na iya nuna cewa da rangwame aka rufe bashin, wanda bai kai cikakken biya kyau ba, amma ya fi bashi buɗaɗɗe nesa ba kusa ba.

An kwashe min kuɗi a wani banki daban da wanda na ci bashi. Halal ne a doka?

Wannan shi ne tsarin GSI, wanda CBN ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agusta, 2020. Cikin takardun da ka sa wa hannu lokacin karɓar rance akwai izinin cewa in ka kasa biya, a bi BVN ɗinka a ciro daga duk asusun da kake da shi: na ajiya, na kasuwanci, na kuɗin waje, har da na haɗin gwiwa. Shi ya sa mai kayan gwanjo a Kasuwar Barci zai ga an turo masa kuɗin dila, kafin ya isa wurin mai POS sun tafi.

Tsarin yana da iyaka. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru ake cira ta wannan hanya, ban da tarar makara. In an cire fiye da abin da ake bin ka, ko an cira bayan ka gama biya, rubuta ƙorafi ga bankin da ya cira, a ba ka lambar ƙorafi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, da kwafin duk takardunka. Reshen CBN na Kaduna yana kan titin Yakubu Gowon.

Rancen korona da na manoma ba tallafi ba ne? Mu an ce mana kyauta ce.

Ba kyauta ba ce. Kuɗin da CBN ya fitar a 2020 ta hannun ƙaramin bankin NIRSAL don rage raɗaɗin korona rance ne mai sauƙin ruwa da wa'adin biya. Haka shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, wanda manoman masara da shinkafa da yawa a jihar Kaduna suka shiga: iri da taki da maganin feshi da aka raba duk an yi musu kuɗi, an rubuta a kan BVN ɗin manomi. An yi ta yaɗa cewa rabon arzikin ƙasa ne, wasu dillalai ma da wannan maganar suka tara mutane suka yanki kasonsu. Kwamfuta ba ta ji wannan maganar ba. Wanda aka rubuta masa 500,000, ya karɓi 350,000 a hannu bayan dillali ya cire nasa, 500,000 ake bin sa. A je a tambayi saura, a nemi tsarin biya kaɗan-kaɗan, shi ne kawai hanya.

Akwai bashi a rahotona da ban taɓa ci ba.

Yakan faru ta hanya biyu. Ko dai kuskure ne, an haɗa bayaninka da na wani mai irin sunanka, abin da ba wuya a garin da Muhammad Sani da Aisha Abubakar suka fi a ƙirga. Ko kuma wani ya yi amfani da bayananka: ka ba da BVN da lambar sirrin da aka turo maka a waya ga wani mai "cike fom ɗin tallafi" a shagon intanet, ko wayarka ta ɓace da layin a ciki ba ka rufe shi da wuri ba.

Rubuta ƙorafi ga kamfanin tattara bayanan da kuma wanda ya ba da rancen, a rana ɗaya. Nemi su nuna maka takardar neman rancen, lambar wayar da aka yi amfani da ita, da asusun da kuɗin suka shiga. Wannan na ƙarshe shi ke raba gardama: in asusun ba naka ba ne, magana ta kusa ƙarewa. In sata ce, haɗa da rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa daga kotu. Dokar 2017 ta ɗora musu nauyin bincike da gyara, in sun yi shiru ka wuce CBN. Kada ka biya bashin da ba naka ba don kawai a rabu da kai, biyan na iya zama kamar amsa laifi.

Na tsaya wa ƙanin matata, ya gudu. Ni me ya shafe ni?

Komai ya shafe ka. Tsayawa a banki ba shaidar hali ba ce irin ta neman aure, alkawari ne cewa in bai biya ba kai za ka biya, kuma yana iya fitowa a rahotonka. Nemi kwafin takardar da ka sa wa hannu ka ga iyakar adadin da ka ɗauka. In kana da buƙatar rance nan kusa, sau da yawa ya fi sauƙi ka sasanta da bankin ka biya, ka karɓi rasit da sunanka, sannan ka bi shi ta hanyar manyan gida ko kotu.

Wani ya ce in ba shi 30,000 zai goge min suna daga kwamfuta.

Garin neman gira za a rasa ido. Bayanin daga banki yake fitowa duk wata, ko da wani ya taɓa shi, wata mai zuwa zai dawo. Abin da ya fi faruwa shi ne ya karɓi kuɗin da BVN ɗinka, ya ci wani rancen da sunanka.

In na canza layi ko na yi sabon BVN fa?

An gudu ba a tsira ba. BVN da zanen yatsu da hoton fuska aka yi shi, kuma yanzu an haɗa asusu da layukan waya da lambar NIN. Yunƙurin yin BVN na biyu shi ke iya jefa mutum cikin jerin masu zamba da aka ambata a sama, wanda ya fi matsalar bashi wuyar fita.

Shekara nawa tabon zai yi kafin ya ɓace?

Doka ta ce a riƙe bayani aƙalla shekara 6, sannan a mayar da shi ma'ajiya. Amma kada wannan ya karya maka gwiwa, kuma kada ya sa ka zauna jiran ya goge da kansa: bashin da ba a biya ba ana ci gaba da aika labarinsa, ƙirgen bai ma fara ba. Wanda aka biya kuwa yana nan a rubuce, amma da alamar an rufe, kuma masu duba rahoto sun fi ba watanni 12 zuwa 24 na baya-bayan nan nauyi. Mutumin da ya yi tuntuɓe a 2021, ya biya, ya yi shekara biyu bai makara ba, ba ɗaya yake da wanda ya makara watan jiya ba.

Na gama biya. Yanzu ta yaya zan gina sabon suna?

A nan mutane da yawa ke kuskure ta hanyar rantsewa ba su ba bashi har abada. Niyya ce mai kyau, amma in kana son wata rana banki ya saya maka Keke Napep ko injin niƙa, rahoton da abu na ƙarshe a cikinsa tsohon tabo ne ba zai taimake ka ba. Ana buƙatar sabbin layuka masu tsabta a ƙarƙashinsa.

Fara da asusu ɗaya, ka riƙa bi da cinikinka ko albashinka ta ciki na wata shida. Ɗan kasuwar da ke juya dubu ɗari uku a mako a Kasuwar Gumi amma duk a aljihu, a idon banki ba shi da komai. Bayan haka ka karɓi ƙaramin abu wanda ko an tashe ka daga barci za ka iya biya, kamar 30,000 zuwa 50,000 na wata uku zuwa shida, a wurin da ka tabbatar suna aika bayani ga kamfanonin nan. Tambaye su kai tsaye kafin ka sa hannu. In an ƙi ba ka saboda tarihinka, nemi rancen da ajiyarka ce jinginarsa: ka ajiye 60,000 a kulle, a ba ka 50,000 a kai. Kamar wasa ne mutum ya ranci kuɗinsa, amma abin da kake saya shi ne layin da zai ce "ya biya a kan lokaci". Tun 2017 kuma doka ta yarda a yi jingina da kayan da ake iya ɗauka, irin su injin ɗinki, babur ko kayan shago, ta rajistar jingina ta ƙasa.

Sa ranar biya ta faɗo kwana uku zuwa biyar bayan ranar da kuɗi ke shigo maka, ba kafinta ba. Ma'aikacin da albashinsa kan yi jinkiri ya ajiye kuɗin biya ɗaya a gefe tun farko. Zuba kuɗin kwana biyu kafin ranar, da ɗan ƙari saboda cajin banki, domin ranar da netuwok zai ɗauke ba ta sallama. Kuma kada ka bi manhajoji goma kana gwada sa'a a mako ɗaya. Duk wanda ya duba rahotonka yana barin sawu, sawu da yawa a ɗan lokaci kama yake da na mai neman mafita ido rufe.

Rance biyu ko uku a jere, kowanne an biya daidai, cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shi ne abin da yakan sa a fara sauraronka a kan babban abu.

Ni ba na mu'amala da kuɗin ruwa. Adashi da nake yi shekara goma ba zai yi min shaida ba?

Hajiya, adashi ba ya shiga rahoto, haka bashin kaya da dillali ke ba ki a kasuwa, duk da cewa su ne ainihin shaidar amana a tsakaninmu. Abin da za ki iya yi shi ne ki riƙa zuba adashin ta asusu, ya bar alama a takardar banki. Don gina tarihi kuwa akwai bankunan da ba sa harka da ruwa. Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, da TAJBank da Lotus da suka biyo baya, suna saya wa mutum kaya su sayar masa da riba sananniya, ya biya kashi-kashi, wato murabaha. Su ma suna duba rahoto kafin su bayar, suna kuma aika bayani kamar kowane banki. Firiza ko keken ɗinki da kika biya daidai a can zai fito a rahotonki, makara ma za ta fito.

Manhaja na barazanar tura hotona ga mutanen wayata, wani kuma ya ce zai kawo 'yan sanda.

Bashin yana nan a kanka, amma tozarci ba ya cikin hanyoyin karɓarsa. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa manhajojin rance yin rajista tun 2022, tana kuma wallafa jerin waɗanda ta amince da su. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan wayar mutum. Ɗauki hoton saƙonnin da lambobin da suka kira, ka kai ƙara FCCPC da hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Ka biya abin da ka ci ta asusun kamfanin, ka nemi saƙon da ke nuna an rufe.

Game da 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, kuma ba a kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Abin ya bambanta in akwai yaudara, kamar takardun bogi, ko cak da aka bayar alhali ba kuɗi a asusu. Cak ɗin da ya dawo laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari shekara biyu, ana kuma kai rahotonsa ga kamfanonin tattara bayanai. Wanda ya bar wa mai ba da rance cak mai kwanan wata na gaba ya tabbatar kuɗin na ciki kafin ranar, ko ya je a sake tsari tun da wuri.

Mahaifinmu ya rasu da bashin banki. Zai hau kan rahotonmu?

Ba zai hau ba, sai wanda ya tsaya masa ko suka karɓa tare. Daga dukiyar da ya bari ake biya kafin a raba gado. Kafin ku biya, ku kai wa bankin takardar shaidar rasuwa, ku tambaya a rubuce ko rancen na da inshorar rai, domin yawancin rancen albashi ana cire kuɗin wannan inshora tun ranar da aka bayar, kuma ita ya kamata ta biya saura. Ku nemi takardar tayin rancen da marigayin ya sa wa hannu, a nan ake ganin ko an cire. In an cire, bankin ne zai nemi kuɗin daga kamfanin inshora, ku kuma ku karɓi takardar rufe bashin ku haɗa da sauran takardun gado.